Kumatuna sun lotsa alhali ban rame ba, wa ya san allurar cikon fuska?

Maman Sadiq: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da na daɗe ina juya shi a raina. Shekarata 47. A cikin shekara biyun nan fuskata ta canza, duk wanda ya kwana biyu bai gan ni ba sai ya tambaye ni ko jinya na yi. Kumatuna sun lotsa, ƙasan idona ya zurma, ga wasu layuka biyu da suka sauko daga gefen hanci zuwa bakina. Abin da ya ɗaure min kai, ban rame ba, nauyina yana nan, har ɗan ƙaruwa na yi. Mayukan da ake cewa suna ciko da fuska kuwa na shafa har na gaji. Yanzu wata ƙawata ta ce in je a yi min allurar da ake kira fila. Tiyata dai ba zan yi ba. Don Allah duk wadda ta sani ko ta taɓa yi ta faɗa min gaskiya.

Ummi: Wa'alaikumus salam Anti. Ki ƙara ƙiba kaɗan ki yawaita shan ruwa, za su ciko da kansu.

Anti Rabi: Ummi, yarinya ce ke shi ya sa. A shekarunmu idan ƙiba ta zo ciki da ƙugu take nufa, ko ta kan kumatu ba ta bi. In ma ta zo fuskar, ƙasan haɓa take taruwa.

Dakta Hauwa: Wa'alaikumus salam Yaya. Kafin a kai ga allura ina so ki san abin da ya ragu a fuskar, don daga nan ne mutane suke kuskure. Fuska hawa-hawa ce: ƙashi a ƙasa, sai kitse na can ciki, sai tsoka, sai wani kitsen a sama, sannan fata. Da an ɗauka kitsen fuska shimfiɗa ɗaya ce. A 2007 wasu likitoci biyu a Amurka, Rohrich da Pessa, suka nuna cewa a rarrabe yake, aljihu-aljihu, kowane da bangonsa. Kuma ba tare suke tsufa ba. Na can cikin kumatu da na gefen goshi su ne suke saurin motsewa, na sama kuma idan ya rasa abin da ya tallafe shi sai ya zamo ƙasa. Layukan nan da kike gani daga hanci zuwa baki, mafi yawa ba a wurin matsalar take ba. Kumatun da ke samansu ne ya sauka ya ninke.

Ƙashi ma raguwa yake yi, wanda mutane da yawa ba sa yarda sai sun ga hoto. Gurbin ido yana ƙara faɗi, ƙashin da ke ƙarƙashin kumatu da gefen hanci yana ja da baya, muƙamuƙi yana ƙanƙancewa. Sai fata: kolajin, wato zaren da ke riƙe ta, yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk shekara tun mutum yana matashi. Mu mata kuma da zarar al'ada ta ɗauke, muna iya rasa kusan kashi 30 cikin 100 a shekara biyar na farko, saboda estrojin, sinadarin jikin mata, ya faɗi. A shekara 47 ba mamaki kin shiga wannan gaɓar, shi ya sa kika ga kamar dare ɗaya abin ya faru.

Amma ina da tambayoyi. Kina yawan jin ƙishi ko yawan fitsari? Zuciyarki tana bugawa da sauri? Akwai tarin da ya daɗe? Kina shan wani magani kullum? Kuma haƙoranki na ciki duk suna nan?

Maman Sadiq: Dakta na gode ƙwarai. Ƙishi da tari babu. Al'adar kam ta fara min wasa tun bara. Haƙora an cire min turame uku, biyu a hagu ɗaya a dama, ban sa wasu ba. Ashe yana da alaƙa?

Baban Khalifa: Ku yi haƙuri in sa baki Hajiya, aikin haɗa haƙori nake yi. Yana da alaƙa sosai. Ƙashin da ke riƙe haƙori idan ya daina jin nauyin tauna narkewa yake yi, kuma a watannin farko bayan cirewa ya fi saurin tafiya. Kumatu kuma turame ne suke tokare shi daga ciki. Na sha ganin wanda aka mayar masa da haƙoran baya fuskarsa ta ɗago ba tare da an taɓa fatar ba. Ki duba madubi, ina kyautata zaton ɓangaren hagun ya fi lotsawa.

Maman Sadiq: Wallahi Malam haka ne. Hagun ya fi.

Hajiya Binta: Ni na yi, kuma zan faɗi abin da na gani. Shekarata 52, na yi sau biyu, tsakaninsu wata 18. Likitar fata ce ta yi min. Sai da ta ce in kawo hotona na shekara goma baya, ta ajiye shi a gabanta tana kallo. Na je ne don layin gefen baki, amma ko kusa da shi ba ta je ba, can saman kumatu ta sa, kusa da ƙashi. Sirinji ɗaya a kowane ɓangare. Ku san sirinji ɗaya mililita 1 ne kacal, kashi ɗaya cikin biyar na ƙaramin cokali. Na kumbura kwana uku, wuri ɗaya ya tara jini ya yi duhu kusan mako guda. Bayan sati biyu komai ya kwanta. Ba wanda ya ce min na yi wani abu, sai dai aka daina tambayata ko ba ni da lafiya. Abin da na je nema ke nan.

Anti Rabi: Hajiya ba na musun abin da kika gani, amma ni ban yarda da wannan hanyar ba, kuma zan faɗi dalilina. Abu ne da ba shi da ƙarshe. Kin yi sau biyu, za ki yi na uku da na huɗu. Ido yana sabawa, abin da ya ishe ki bana baɗi sai ki ga ya yi kaɗan. Kuma ni abin da ke damuna shi ne yadda aka mayar da shekaru kamar cuta. Mace ta haifi 'ya'ya, ta raine su, ta kai 47, dole fuskarta ta nuna. Uwata ta tsufa da kumatu a lotse kuma ban taɓa ganin mace mai kwarjininta ba.

Maman Sadiq: Anti na fahimce ki, kuma ba tsufan nake gudu ba. Furfurata ma ban rina ba. Abin da ke ci min rai shi ne in tashi lafiya lau, cikin farin ciki, amma fuskata tana nuna kamar na kwana ina kuka. Aikina na tsayawa gaban mutane ne, kullum sai wani ya ce sannu da jiki.

Zee: Maganar Anti Rabi ta sabawar ido gaskiya ce, a kaina ta faru. Ina da shekara 34 na fara, don ƙasan ido kawai. Ba asibiti ba ne, wurin gyaran jiki ne, kuma wadda ta yi min ba likita ba ce. Duk wata shida sai a ce min ya narke, a ƙara. Cikin shekara uku sai na ga ƙasan idona kullum a kumbure, da safe ya fi muni, kumatuna sun yi tudu har in na yi dariya idona yana ƙanƙancewa. Da na je wajen likita ya sa na'urar duba cikin fata, sai ga na shekarar farko ma yana nan daram, ya ma zarce daga inda aka sa shi. Sau uku aka yi min allurar narkarwa kafin na dawo kamannina. Na yi kuka ba kaɗan ba a lokacin. Duk wadda za ta yi, don Allah kada ta bari a ƙara mata don kawai kalanda ta ce lokaci ya yi.

Dakta Hauwa: Sannu Zee, kuma na gode da kika faɗa. Abin da ya same ki yanzu sananne ne. A takardar kamfani ana rubuta cewa fila yana daɗewa wata 6 zuwa 12, wasu masu kauri irin Juvéderm Voluma da aka amince da shi a Amurka don kumatu a 2013 har shekara 2. Amma hotunan MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki, sun nuna ana samun sa a fuska shekaru bayan nan, musamman ƙasan ido inda wurin ba ya motsi sosai. Kuma sinadarin yana jan ruwa, shi ne kumburin safiyar nan.

Bari in rarrabe nau'ukan, don kalmar fila ta haɗe abubuwan da ba ɗaya ba ne. Wanda aka yi wa Hajiya da Zee shi ne hayaluronik asid. Jikinmu ma yana da shi a fata da gaɓoɓi da cikin ido. Na allura ƙwayoyin bakteriya ake sa wa su samar da shi, sannan a ɗaure zarurrukansa da juna don kada jiki ya cinye shi cikin kwana biyu. Restylane, wanda aka ƙirƙiro a Suwidin, shi ne irinsa na farko da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi a 2003, Juvéderm ya biyo a 2006. Babbar falalarsa ɗaya ce: yana da makari. Akwai allurar hayaluronides da ke narkar da shi cikin sa'o'i zuwa kwana ɗaya ko biyu. Da wani nau'in aka sa wa Zee, da labarin ba haka ya ƙare ba.

Sai Radiesse, ƙananan ƙwayoyi ne na kalsiyam irin ma'adinin ƙashi, yana kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ba a sa shi a leɓe, kuma ba shi da makari. Sai Sculptra, shi ba ciko yake yi nan take ba, fata yake zaburarwa ta saƙa sabon kolajin a hankali. Tarihinsa ma yana da ban sha'awa: a 2004 an fara amincewa da shi ne don masu ɗauke da ƙanjamau waɗanda tsofaffin magunguna suka cinye musu kitsen fuska, sai a 2009 aka buɗe shi ga kowa. Ana yin sa zama biyu ko uku, wata guda ko fiye a tsakani, sai an yi watanni kafin a ga amfaninsa, yana kuma kai shekara biyu. Ana sa mutum ya riƙa murza wurin minti biyar, sau biyar a rana, kwana biyar, don gudun ƙulli a ƙarƙashin fata. Akwai kuma na dindindin. Waɗannan ni ba na ba kowa shawararsu, domin fuska za ta ci gaba da canzawa shi kuma yana nan inda aka ajiye shi. Ruwan silikon kuwa ko kyauta ne ki gudu.

Ummi: Dakta to Botox fa? Ni na ɗauka duk abu ɗaya ne.

Dakta Hauwa: Ba ɗaya ba ne ƙanwata. Botox tsoka yake kwantarwa don tamojin goshi da na tsakanin gira su lafa, wata uku zuwa huɗu ya sake. Ba ya cike komai. Mai lotsattsen kumatu ba abin da zai yi mata.

Nas Jamila: Ni akwai abin da har yanzu ba a faɗa ba, kuma a wurina shi ne kan gaba. Fuska cike take da jijiyoyin jini. Idan bakin allura ya faɗa cikin jijiya aka tura abin, hanyar jini ta toshe. Fatar wurin takan yi fari fat ko ta dusashe, ta yi zane-zane kamar raga, da zafin da ya wuce na allura. In ba a narkar da shi da gaggawa ba naman wurin mutuwa yake yi ya bar tabo. Mafi muni, jijiyoyin tsakanin gira da na hanci suna haɗe da wadda ke kai jini ido. Wani nazari da aka buga a 2015 ya tattaro mutum 98 da ganinsu ya taɓu ta wannan hanyar, kuma yawancinsu bai dawo ba. Idan aka kwatanta da miliyoyin alluran da ake yi duk shekara adadin kaɗan ne, amma wanda abin ya faɗa wa ba ruwansa da lissafi.

Don haka Maman Sadiq, idan kin je ki tambaya kai tsaye: kuna da hayaluronides a nan ɗakin, yanzu, kuma nawa? Idan jijiya ta toshe me za ku yi, ina za ku kai ni? Wa zan kira da dare? Ki ce a buɗe kwalin a gabanki, ki ga suna da ranar lalacewa, ki ɗauki hoton lambar da ke jikin kwalin. Wanda ya san aikinsa ba ya jin haushin waɗannan tambayoyin. Kuma duhun fatarmu yana sa dusashewar nan ba ta saurin fitowa fili, sai mai ido da ya saba.

Anti Rabi: To kun ji. A kan kumatu mutum ya sa idonsa a caca?

Hajiya Binta: Anti ai duk abin da Nas ta lissafa likitata ta faɗa min kafin ta taɓa ni, har takarda na sa wa hannu. Na auna na zaɓa. Wadda ta ga ba za ta iya ba ta bari, ba laifi. Abin da ba na so shi ne a ɗauka duk wadda ta yi ba ta gode wa Allah ba ne.

Anti Rabi: Ban ce haka ba Hajiya, in kuma maganata ta yi kama da haka ki yafe ni. Tsorona 'yan mata ne irin su Ummi da ke karanta mu. Kin je wajen likita da hotonki na da, su kuwa hoton wata a waya za su kai su ce a mayar da su haka.

Nas Jamila: Wannan tsoron a kan hanya yake. A Ingila sai da aka yi doka a 2021 da ta haramta yi wa 'yan ƙasa da shekara 18 fila ko Botox don kwalliya. A shekarar ce kuma FDA ta yi gargaɗi kan wani abu mai kama da alƙalami da ake sayarwa a intanet, wai yana harba fila cikin fata ba allura. Ba ya iya auna zurfi, kuma ba wanda ya san abin da ke cikin ruwan da ake haɗowa da shi.

Maman Sadiq: To ni yanzu jikina ya yi sanyi da allurar. Babu wata hanya? Na ji ana maganar na'urori masu ɗaga fata, da zare, da wanda ake ɗibar jinin mutum a mayar masa a fuska.

Dakta Hauwa: Akwai su, sai dai kowane da iyakarsa. Na'urorin zafi irin Ultherapy da Thermage fata suke ɗan tsukewa, ba sa mayar da abin da ya tafi. Ga mai fuska irin taki ma sai an yi hattara, don in zafin ya yi yawa ko ya yi zurfi kitsen da ya rage yana iya narkewa, a je neman ƙiba a samo rama. Zare yana ɗan ɗagawa, amma narkewa yake cikin watanni, ɗagawar kuma ba ta daɗewa. Na jini, wato PRP, yana iya gyara laushin fata kaɗan, bai isa ya cike kumatu ba, kuma tsafta a nan ba abin wasa ba ce: a 2024 CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ba da rahoton mata da suka kamu da ƙanjamau a wani wurin gyaran jiki marar lasisi a jihar New Mexico ta wannan hanyar. Ɗibar kitsen mutum daga ciki ko cinya a mayar fuska yana aiki kuma yana daɗewa, amma wannan ya shiga sahun tiyata, kin ce ba kya so.

Mayuka kuwa, hayaluronik ɗin da ke cikinsu a saman fata yake tsayawa ya riƙe danshi, ba ya kaiwa inda kitse yake. Abin da ke da hujja shi ne man kare rana kullum, da man shafawa na retinol ko tretinoin da dare ga wadda ba ta da ciki kuma ba ta neman sa, da nisantar taba. Waɗannan kare abin da ya rage suke yi. Ki kuma duba mayukanki, duk mai steroid, wato maganin kumburi da ƙaiƙayin fata, irin clobetasol ki ajiye shi da shawarar likita, don sirantar da fata yake yi. Sannan ramewa da sauri, ko da allurar rage ƙiba irin Ozempic ce, fuska take fara kwashewa.

Mu masu duhun fata muna da sa'a ta wajen tamoji, sun fi jinkirin zuwa, amma lotsawar tsakiyar fuska da zurmawar ido su ne suke fara nuna shekarunmu. Kuma duk inda allura ta huda yana iya barin baƙin tabo na ɗan lokaci. Mai fatar da ke yin tabo mai tudu dole ta faɗa tun farko.

Zee: Dakta ki ƙara musu da maganar lokaci. Ni an taɓa yi min ana saura kwana biyu in je wani taro, na je da fuska a kumbure.

Dakta Hauwa: Haka ne, a bar sati biyu aƙalla. Ba a yi da ciki ko shayarwa, ba a yi idan akwai ƙurji ko ciwo a fuska, kuma a raba shi da aikin haƙori da kamar sati biyu saboda ƙwayoyin cuta. Mai shan asfirin ko maganin tsinka jini ta faɗa, amma kada ta daina sha da kanta. Wani lokaci kuma bayan watanni wurin yana iya kumbura idan mutum ya yi mura mai zafi, a koma wa likita, yana da magani.

Yaya, ga yadda zan jera miki in da ke 'yar uwata ce ta ciki ɗaya. Ki fara da gwajin sukari da na maƙoƙo da na yawan jini, ki kuma yi maganar al'adar da likitan mata. Sai haƙora. Idan an gama kin zauna wata biyu ko uku, ki sake duba fuskar. In har yanzu tana damunki, hayaluronik kaɗan a saman kumatu, a hannun likitan fata ko na gyaran jiki, ki bar ƙasan ido tukuna, don sau da yawa idan kumatu ya ɗago shi ma yana gyaruwa.

Baban Khalifa: In dasa haƙori za a yi Hajiya, kada ki ƙara jinkiri. Ƙashin da ya narke da yawa sai an yi masa ƙari kafin ya riƙe dashen. Shekara nawa da cirewar?

Maman Sadiq: Na hagun sun kai shekara huɗu Malam, na daman bara ne. Gobe in sha Allah zan fara da gwajin jinin, in nemi ganin likitan haƙori cikin satin nan. Hajiya Binta, zan nemo hotona na shekara goma in ajiye. Anti Rabi, maganarki ma ta zauna min, ko na yi ba zan yi a gaban 'yata ba tare da na zaunar da ita na yi mata bayani ba. Zee, Allah Ya ƙara miki lafiya. Idan sakamakon ya fito zan dawo in faɗa muku.

Nas Jamila: Allah Ya sa mu ji alheri Anti. Idan gwajin sukarin na safe ne, kada ki ci komai kafin ki je, ruwa kawai.